Tsibirin Komodo: a kwashe mutane saboda ƙadangare, ko a bar su tare?

Sadiq_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so masanan cikinmu su taya ni dubawa. Gandun dajin Komodo da ke ƙasar Indonesiya shi ne gidan ƙaton ƙadangaren nan da ake yawan nuno bidiyonsa yana haɗiye akuya. A 2019 gwamnan lardin, Viktor Laiskodat, ya ce zai rufe tsibirin Komodo na shekara guda, ya kuma kwashe mutanen ƙauyen da ke ciki, su kimanin 2,000, a sake musu matsuguni. Mutane suka yi masa ca, gwamnatin Jakarta ta soke shirin.

Ni dai a ganina gwamnan ne ke da gaskiya. Duk duniya babu wannan dabba a dawa sai a 'yan tsibiran nan, kuma waɗanda ke cikin gandun 3,000 ne da 'yan kai. Ɗan Adam kuwa ko'ina aka kai shi zai rayu. Ga shi dabbar tana halaka mutane. In an raba su, ai an ceci ƙadangaren an kuma ceci yaran ƙauyen. Ina aibin wannan?

Ɗan_Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Malam Sadiq, "a kwashe su" a baki ne take da sauƙi. Kaburburan iyayensu fa, da masallacinsu? Su ma kwashewa za a yi?

Hajiya_Turai:
Ku dakata tukuna, ni ban ma san akwai mutane a wurin ba. Wai Musulmi ne? Kuma wane irin ƙadangare ne zai haɗiye akuya, don Allah?

Malam_Halittu:
Hajiya, Musulmi ne, mafi yawansu masunta. Shi kuwa ƙadangaren, ɗan'uwan damo da guza ne, danginsu ɗaya, shi ne dai babbansu. Babban namiji yakan kai mita 3 a tsawo, nauyinsa kilo 70 ko fiye. A zama ɗaya yana iya cin naman da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyin jikinsa, har ƙashi da kofato, daga nan sai ya je ya kwanta a rana ya yi ta narkarwa. Harshensa mai baki biyu ne, da shi yake shaƙo ƙanshin mushe daga nisan kilomitoci.

Gandun yana tsakanin tsibirin Sumbawa da na Flores. Manyan tsibiransa uku ne, Komodo da Rinca da Padar, sai ƙanana 26. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,733, amma tudun ƙasa 603 ne kawai, sauran duk teku ne. An kafa shi a 1980, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991.

Abin da nake so Sadiq ya lura da shi: kare dabbar nan bai fara daga 1980 ba. Turawan Holan sun ji labarinta a 1910, wani hafsan sojansu, van Steyn van Hensbroek, ya je ya harbe ɗaya ya aika fatar garin Bogor da ke tsibirin Jawa, inda Peter Ouwens ya yi rubutun kimiyya na farko a kanta a 1912. Shekara uku bayan haka, a 1915, Sarkin Bima, sarkin Musulmi da tsibirin ke ƙarƙashinsa a lokacin, ya kafa dokar hana kashe ta. Ka ga wa ya kamata a kare ta daga gare shi ke nan: baƙin da suka fara zuwa da bindiga neman fata da na kaiwa gidajen ajiye dabbobi. Mutanen ƙauyen suna nan tun kafin Bature ya san akwai ta, kuma ba su ƙarar da ita ba.

Sadiq_Fagge:
Malam na gode, amma ga Padar nan. Ƙadangarun sun ɓace daga tsibirin na shekaru masu yawa, ba don an bi su an kashe ba, sai don mafarauta sun ƙarar da barewar da suke ci. Wannan ba aikin ɗan Adam ba ne?

Ummi_Yogya:
Yaya Sadiq, aikin ɗan Adam ne, amma wane ɗan Adam? Padar babu ƙauye a cikinsa. Mafarautan a kwale-kwale suke shigowa daga waje. Wato tsibirin da babu mazauna shi ne ya rasa ƙadangarunsa, Komodo da Rinca masu ƙauyuka kuwa nasu suna nan. A nan ya kamata ka tsaya ka yi tunani.

Ni karatu nake a Jawa, kuma Allah ya sa na je wurin tare da 'yan ajinmu. Daga garin Labuan Bajo ake hawa jirgin ruwa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙasar. Na tafi da tsammanin kurmi, sai na tarar da tsaunuka da busasshiyar ciyawa, ga tsamiya, ga magarya, ga wani icen da suke kira lontar wanda ɗan'uwan giginya ne. Ruwan sama kaɗan ne a can, rani ya fi damina tsawo sosai.

Mai yi mana jagora ba bindiga ya riƙe ba, gwafa ce doguwa. Mun tarar da wani babba kwance a inuwa, ya baje ƙafafu, fatar wuyansa ta yi laɓa-laɓa a ƙasa, yawu na zuba daga gefen bakinsa. Kai ka ce matacce ne. Can sai ya ɗaga kai ya fito da harshen nan ruwan ɗorawa, ya juya shi wajenmu, ya mayar. Jagoran ya kafa gwafar a ƙasa tsakaninmu da shi, ya ce mu ja baya a hankali, kada wanda ya gudu. Ko muryarsa bai ɗaga ba. Ɗan ƙauyen ne, ya ce mana tun yana yaro yake ganin su suna wucewa ta ƙarƙashin gidansu, don gidajen a kan turaku ake ɗora su.

Hajiya_Turai:
Innalillahi. Ummi, ƙarƙashin gida? Da yara a ciki? Ni dai na koma bayan Sadiq.

Baba_Maharbi:
'Yata Ummi, Allah ya yi miki albarka, kin kwatanta shi sosai. Mu da muka tashi a dawa mun san damo. Kirarinsa sarkin haƙuri, kuma haka yake, zai yi lamo har ka taka kusa da shi. Amma in ka matsa masa sai ya kumbura, ya yi huci, ya zabga maka wutsiya. Duk wanda ya ga haka ya san wannan dangi ba ragwanci ke kwantar da su ba, lissafi ne. To ina ga wanda ya kai mita uku. Abin da zan ce wa ɗana Sadiq shi ne, wanda ya zauna da dabba shekara da shekaru ya san lokacin fushinta, ya san hanyar da take bi zuwa ruwa. Wannan sani ba a ofis ake samunsa ba. In ka kwashe masu shi, ka kwashe shi.

Sadiq_Fagge:
Baba, ranka ya daɗe, ban ƙi taka ba. Amma sanin bai hana a 2007 ƙadangare ya kashe yaro ɗan shekara 8 a tsibirin Komodo ba. A 2009 ma wani mutum ya faɗo daga kan bishiya suka far masa har ya rasu. Kuma na karanta cewa har kabari suke tonewa.

Malam_Halittu:
Duk gaskiya ne. Alƙaluman hukumar gandun sun nuna daga 1974 zuwa 2012 an kai wa mutane hari sau 24, mutum 5 suka rasu. Rai ɗaya ma ba ƙarami ba ne, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma shekara 38 ake magana, a wurin da dubban mutane ke kwana suna tashi da dabbar. Maganar kabari ma haka take, shi ya sa mutanen suke haƙa kabari a ƙasa mai tauri maimakon rairayi, su kuma tara duwatsu a kai. Ka ga sun nemi dabara, ba su ce a zo a kashe musu dabbar ba.

Nasiru_Kumasi:
Tambaya a gefe. An ce ba ƙarfi yake kashewa da shi ba, wai bakinsa cike yake da ƙwayoyin cuta, in ya ciji ɓauna sai ya ƙyale ta ya yi ta bin ta har ciwon ya ruɓe ta faɗi. Haka ne?

Likitan_Dabbobi_Vom:
Nasiru, wannan tsohon bayani ne, kuma yana da asali. Wani masani Ba'amurke, Walter Auffenberg, ya tare a tsibirin da iyalinsa a 1969 ya yi wata 11 yana bin su, kuma daga aikinsa maganar ƙwayoyin cuta ta yaɗu. Aikinsa har yau ana girmama shi, amma wannan ɓangaren an sake dubawa. A 2009 Bryan Fry da abokan aikinsa a Ostireliya suka nuna akwai jakunkunan dafi a muƙamuƙinsa na ƙasa, dafin yana hana jini daskarewa yana kuma saukar da bugunsa. A 2013 aka duba ƙwayoyin bakinsa, aka ga ba su wuce na sauran masu cin nama ba.

To me ke kashe ɓaunar? Ɓauna baƙuwa ce a tsibiran, mutane ne suka kai ta. In ta ji ciwo sai ta gudu ta shiga kududdufi, kuma da rani ruwan nan ba ya gudu, cike yake da kashinta. A nan ciwon ke ɗaukar ƙwayoyin cuta. Barewa kuwa ba ta kai wannan matakin, yawanci nan take ko ba da jimawa ba jini ke ƙare mata.

Malam_Halittu:
Likita, na yarda da kai a kan ɓauna, amma kada mu rufe maganar dafi kamar an gama ta. Akwai masana irin su Kurt Schwenk da ke cewa samun sinadaran a bakinsa bai tabbatar da su ne ke kisan ba. Haƙoransa kusan 60 ne, masu tsini da gefe mai zarto, kuma wani bincike na 2024 ya gano bakin haƙoran yana da rufin sinadarin ƙarfe, shi ne ke ba shi launin ruwan goro. Yana ciza ne ya ja da baya da ƙarfin wuya, ya yage nama. Wanda aka yi wa wannan yanka ko babu dafi jini zai kayar da shi.

Likitan_Dabbobi_Vom:
Babu musu. Ni dai ina ganin biyun ne ke aiki tare, yankan ya buɗe, dafin ya hana rufewa.

Zainab_Bauchi:
Tunda an shiga nan, Malam_Halittu, wai gaske ne macen tana yin ƙwai ya ƙyanƙyashe ba tare da namiji ba? Wata ƙawata ta faɗa mini na ƙi yarda.

Malam_Halittu:
Malama Zainab, gaske ne. A 2006 aka tabbatar da haka a Ingila, a gidan dabbobi na Chester da na Landan. Macen Chester, wadda suka sa wa suna Flora, ba a taɓa haɗa ta da namiji ba, ta yi ƙwai, ya ƙyanƙyashe. Abin mamakin shi ne duk 'ya'yan da aka samu ta wannan hanya maza ne, saboda a jinsinsu ƙwayar halittar uwa ce ke yanke jinsin ɗa, ba ta uba ba kamar yadda take a mutane. Masana na ganin hikimar ita ce, in igiyar ruwa ta jefa mace ita kaɗai wani tsibiri, tana iya kafa zuri'a.

A dawa kuwa barbara suke yi tsakanin Mayu da Agusta, mace ta yi ƙwai kimanin 20 wajen Satumba. Sau da yawa ba ta wahalar yin sheƙa, tarin ƙasar da wani tsuntsu mai kama da zabo ke yi don nasa ƙwan take shiga ta haƙa. Bayan wata 7 zuwa 8 suke fitowa, kuma suna fitowa bishiya suke hayewa, su zauna can shekarun farko suna cin ƙwari da ƙananan ƙadangaru, don manyan suna cinye ƙananan.

Zainab_Bauchi:
Allahu Akbar. Ikon Allah ya fi gaban mamaki.

Ɗan_Maraɗi:
Jama'a mu koma kan tambayar Sadiq. Mu a Nijar muna da abin da za mu faɗa. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, a 1996 saura 49 kacal. Ba a kwashe manoma ba, ba a kewaye dajin da waya ba. Dabbobin suna shiga gona su ci wake, mutane suna ƙorafi, amma aka zauna da su, aka ɗauki ƴaƴansu aikin jagora, aka taimaka wa ƙauyukan. Yau sun wuce 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji, nan jiharmu. Na san raƙumin dawa ba ya cin mutum, kada a ce ban san bambancin ba. Amma abin da ya cece shi, talakan da ke kusa da shi ya ga amfanin rayuwarsa.

Sadiq_Fagge:
To ai kai da bakinka ka faɗi bambancin. Kuma me za ku ce game da masu fasa-ƙwauri? A watan Maris na 2019 'yan sanda a gabashin Jawa sun kama wasu da suka sayar da ƙadangaru 41 zuwa ƙasashen waje, kowanne a kan rupiya, kuɗin Indonesiya, miliyan 500. Wannan ne ma ya ƙara wa gwamnan ƙarfin gwiwa.

Ummi_Yogya:
An kama su kam, amma da aka gwada jinin waɗanda aka ƙwato, hukumomi sun ce daga tsibirin Flores suka fito, wajen gandun. Akwai ƙadangarun a gaɓar yamma da arewacin Flores, kuma su ne marayun, don ba su da tsaro irin na cikin gandu. Sannan ministar muhalli ta lokacin, Siti Nurbaya Bakar, da ta tashi soke rufewar cewa ta yi ƙidayar 2002 zuwa 2019 ta nuna adadinsu a tsibirin Komodo bai ragu ba. To in bai ragu ba, laifin me za a ɗora wa ƙauyen?

Kuma Yaya, ka san yadda su suke ɗaukar dabbar? Suna kiranta ora. A tatsuniyarsu wata gimbiya ce ta haifi tagwaye, ɗaya yaro ɗaya ƙadangare, yaron ya girma a gari, 'yar'uwarsa a dawa. Wata rana ya ɗaga mashi zai soke ta a kan barewar da ya harba, sai uwar ta bayyana ta ce masa kada ka kashe ta, 'yar'uwarka ce. Tatsuniya ce, su ma Musulmi ne sun san haka, amma ta yi aiki. Dattawansu suna cewa da can in maharbi ya kashe barewa sai ya bar wa ora rabonta a dawa. Da aka kafa gandun aka hana su farauta, aka taƙaita musu shiga daji, suka koma kamun kifi, aka zo aka yanka musu teku kashi-kashi, nan a shiga nan kada a shiga. Yanzu da yawa sassaƙa gunkin ƙadangare na itace suke yi suna sayar wa baƙi. Sau nawa za a canja wa mutum sana'a, sannan a ce masa ma tashi?

Injiniya_Sale:
Ni abin da ya sa ban amince da shirin ba daban ne. Ku duba abin da ya biyo baya. A 2020 hoto ya zagaya duniya, ƙadangare ya tsaya a gaban motar ɗaukar kayan gini a tsibirin Rinca, ana gina wa 'yan yawon buɗe ido wurin kallo, har UNESCO ta nemi a dakata a sake duba illar aikin. A 2022 aka ce kuɗin shiga Komodo da Padar zai tashi daga kimanin rupiya dubu 200 zuwa miliyan 3.75, wajen dala 250. Masu jiragen ruwa da jagorori a Labuan Bajo suka shiga yajin aiki, aka ɗage, daga baya aka soke. In da gaske don ƙadangare ne, me ya kawo siminti? Ana so talaka ya fita, mai kuɗi ya shigo.

Nasiru_Kumasi:
Injiniya, ban yarda da kai duka ba. Tsada tana rage cunkoso, kuma cunkoson matsala ce ta gaske. A da har akuya ake yankawa a rataya don baƙi su ga yadda ake wawaso, sai da aka hana a 1994 saboda dabbobin sun daina farauta sun koma jiran abinci. In baƙi sun yi yawa, dole a sami hanyar rage su.

Injiniya_Sale:
A ƙayyade adadin masu shiga a rana mana. Wannan ba sai an kori kowa ba.

Malam_Halittu:
Akwai abin da duk muka tsallake. A Satumba 2021 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta ɗaga matsayin ƙadangaren zuwa cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, kuma babban dalilin da ta bayar ba ƙauyen Komodo ba ne. Ɗumamar yanayi ce da tashin teku. Dabbar a kwaruruka da gaɓar teku take zama, ba ta son hawa can ƙololuwar tsauni, kuma an yi hasashen mazauninta zai ragu da aƙalla kashi 30 cikin 100 a shekara 45. Wannan ko an kwashe mutum 2,000 ko ba a kwashe ba, ruwan zai zo. Sannan ku tuna kashi biyu bisa uku na gandun teku ne, da kifi sama da iri 1,000 da murjani iri 260. Ɓarnar da masu kamun kifi da bom suka yi wa murjanin nan a shekarun 1990, sintiri ne ya rage ta, kuma sintiri ba ya yiwuwa sai da masuntan wurin da suka san kowane lungu.

Sadiq_Fagge:
Na ji hujjojinku, musamman ta Padar. Amma har yanzu akwai inda na tsaya. Ƙauyen nan ba yadda yake a zamanin Sarkin Bima yake ba, mutane sun ƙaru, awaki sun ƙaru, ana shanya kifi, ƙanshi na jawo dabbar cikin gari. Tsibiri kuwa ba ya ƙaruwa. Nan da shekara 30 in teku ta ci gaɓa kamar yadda Malam ya faɗa, mutum da ƙadangare wuri ɗaya za su matsa. A ranar wa zai ja baya?

Hajiya_Turai:
Ni uwa ce, maganar yaron nan ɗan shekara 8 ba ta bar raina ba. Ko ba za a tashe su ba, a kewaye musu makaranta da wurin wasan yara da katanga mai ƙarfi. Da kuɗin baƙin nan ai za a iya.

Ɗan_Maraɗi:
Hajiya ta kawo tambayar da ta dace. Ummi, kuɗin tikitin nan aljihun wa yake shiga? Ƙauyen na da kaso?

Ummi_Yogya:
Kuɗin shiga gandun na gwamnatin tsakiya ne, baitulmalin ƙasa yake tafiya, daga can ake yanko wa gandun kasafinsa. Abin da ke shiga hannun ɗan ƙauye kai tsaye shi ne ladan jagora, da abin da ya sayar na sassaƙa da sarƙoƙi, da ɗan haya in yana da kwale-kwale. Manyan jiragen da baƙi ke kwana a ciki da otal-otal ɗin Labuan Bajo kuwa yawanci na 'yan kasuwar waje ne. Baƙo sai ya sauka a Loh Liang, mashigar baƙi ta tsibirin Komodo, ya zaga awa ɗaya ko biyu, ya koma jirginsa ya ci abinci a can, ƙauyen ma ba lallai ya taka shi ba.